Wayar da Mainasara Bai Yanke Ba

Mainasara ɗan Daura ne, mahaifinsa mai tufkar igiyar guga. Shekara goma sha ɗaya yana hawa ƙarfen sabis, daga Kongolam har garin Babban Mutum, ni ina tuƙa shi a mota ina duba janareta. Ba mai surutu ba ne. Ban taɓa ganin ya yar da guntun waya ba. A gidansu, in ji shi, duk wanda ya yanke doguwar igiya ba dalili sai ya sha bulala.

Kowane ƙarfe yana da agogo a ɗakin na'ura. Wata ƙaramar eriya ce a sama take karɓo lokaci daga tauraron ɗan'adam, ta turo shi ta kebul. Saƙon yakan ɗan yi jinkiri a hanya, shi ya sa ake gaya wa agogon tsawon kebul ɗin don ya cire jinkirin. In kuma tsawon ya wuce kima, saƙon ba ya isowa da ƙarfi. Agogo ya kauce, ƙarfen ya saɓa da maƙwabtansa, kira ya riƙa yankewa.

Haka ta faru a Babban Mutum bara da bazara. Mako uku dillalan dabbobi suna zaginmu. Kamfani ya turo Injiniya Sha'aban daga Kano. Ya duba takarda, ya ga an rubuta tsawon kebul mita talatin da biyar. Ya duba kwamfuta, ya ce mita talatin da biyar ba ta cinye saƙo haka, akwai mai taɓa kayan. Mutum ɗaya ke riƙe da makulli, Dabo mai gadi, tsoho mai iyali. Injiniya ya ce ya tattara tabarmarsa kafin la'asar.

Dabo ya cire hula ya riƙe. "Ranka ya daɗe, ƙofar nan ban taɓa buɗe ta ba sai an ce in buɗe."

Ni na san gaskiya, don ina wurin shekara biyu da suka wuce. Kebul mai mita ɗari aka aiko, da kawunan jona shi da aka matse tun daga kamfani. Mainasara ya kasa yanke shi. Ya naɗe sittin da biyar ya tura a ramin waya, ya rufe da murfin siminti, ya rubuta tazarar eriya zuwa ɗaki kawai. Da ƙyar saƙon yake isa tun lokacin. Damina biyu da zafin rana suka ƙarasa shi.

Na ja Mainasara bayan mota, na ce kada ya tona, ya tuna 'ya'yansa shida. Ya ɗauko ƙarfen canjin taya, ya nufi ramin, ya ɗaga murfin.

"Oga, ba Baba Dabo ba ne. Ni na naɗe ta."

Sha'aban ya daɗe yana kallon gammon wayar. "Malam Mainasara, ka san abin da zan rubuta?"

"Rubuta. Bari dai in yanke tukuna."

Kan jona kebul biyu kacal ne a akwatinmu. Na farko ya lalace a hannunsa, saboda gumi. Ya goge hannu a wando, ya zauna a ƙasa, ya fere wayar a hankali, ya matse na biyun. Injiniya ya auna tsawon da kansa, ya shigar wa agogo. Fitilar agogon ta tsaya a ja. Muka tsaya mu huɗu a wannan ɗakin mai zafi, muna kallonta. Ana kiran la'asar ta koma kore.

Sha'aban ya rubuta abin da ya gani, bai ƙara ba bai rage ba. Dabo yana nan a ƙofarsa har yau. Mainasara kuwa, da wa'adin aikinsa ya cika bayan wata biyu, ba a sabunta ba. Yanzu sola yake kafa wa mutane a cikin Daura, a kan tsohon babur.