Saƙon “Wanda Ya Haife Ka”

Ina rubuto muku wannan ne da tsufana, don na gaji da riƙe shi ni kaɗai. A shekarun da jirgin ƙasa bai daɗe da fara shiga Kumasi ba, ni saurayi ne mai fataucin goro a Zango, haifaffen Damagaram, mai ji da kansa. Ba na kwana da shawara, a tsaye nake yanke ta, kuma sau da yawa takan yi kyau, har manyan fatake kan ce a tambaye ni. Ina kuma taƙama da Hausata. Mutanen Zango da yawa a kasuwa suka koye ta, ba ruwansu da mace ko namiji, kowa “ya” ne a bakinsu. Sai ka ji an ce matar wane ya haihu. Ni kuwa in tuntsire da dariya ina tambaya ko gemu ya tsiro mata, ba ranar da ba na tsokanarsu.

Iyayena suna zaune a wani ƙauye cikin kurmin goro, tafiyar kwana biyu a ƙasa ta hanyar Bantama. Mahaifina mutum ne mai raki. Ɗan ciwon kai sai ya aiko a kira ni zai yi wasiyya. Sau uku ina barin kasuwa in yi wannan tafiya, in tarar da shi zaune yana cin doya da manja. Mahaifiyata kuwa ban taɓa jin ta ce wayyo ba, ko gishiri ba ta taɓa aikowa in sayo mata ba.

Wata safiya ina bakin tasha, an ɗaure goro a huhu an yayyafa masa ruwa, jirgi na shirin tashi zuwa Sakandi, daga can mu shiga na ruwa zuwa Ikko. In jirgin ruwan ya wuce ni, goron zai bushe ko sankara ta cinye shi. Sai ga wani dattijon ɗan dako, Bamoshe ɗan ƙasar Moshi, da ke ɗauko kaya daga ƙauyenmu, ya iso yana haki. Ya ce mini wanda ya haife ni ya kwanta ciwo, ya ce in zo maza, yana da magana da ni. Na yi dariya. Abokin fataucina ya ce in zaunar da mutumin in tambaye shi da kyau, na ce babu wanda zai gaya mini halin ubana. Na damƙa wa ɗan dakon nan goro da taba na ce ya kai masa. Ya tsaya yana kallona, ya buɗe baki zai ƙara magana, ni kuwa har na juya ina ba da umarnin loda kaya. Ina tuna yadda na ji daɗin kaina a cikin jirgin nan.

Bayan kusan wata biyu na dawo da riba. Ina fitowa daga tasha wata maƙwabciyata 'yar Asante mai sayar da dokunu, wato tuwon masara na can, ta tare ni, ta riƙe hannuna tana hawaye, ta ce in yi haƙuri, Allah ya ji ƙansa, ya yi ta kirana har ya cika. Ko gida ban shiga ba, ban kuma tambayi kowa komai ba, na bar kayana wurin abokina na kama hanya. Kwana biyu ina tafe ina kukan mahaifina, ina shirya kalmomin da zan rarrashi mahaifiyata da su, ga zanen da na sayo mata a Ikko a hammata.

Ina shan kwanar gidanmu na hangi mahaifina zaune a ƙofa yana jan carbi. Wallahi na zaci fatalwa ce. Na zauna daɓas a kan hanya. Ya ɗago ya dube ni, bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ce mahaifiyata ce ta rasu, ita ce ta aika, da bakinta ta ba ɗan dakon saƙo. Da aka kawo mata goro da taba, ta juya su a hannu ta ce lallai ban gane ba ne, zan zo. Kwana tara ta yi tana sa a bar ƙofa a buɗe. A nan maganar ta faɗo mini: wanda ya haife ka. Ni da na fi kowa sanin yadda mutumin nan ke magana, ni da nake kwaikwayonsa a rumfa ana dariya.

Ban zargi ɗan dakon ba, ya isar da abin da aka aiko shi. Na daɗe ina ɗauka saurin yanke shawara shi ne ƙarfin zuciya, ashe rabinsa girman kai ne. Har gobe ina cewa mutum ya tsaya kan abin da ya yanke, kada ya yi ta inda-inda. Amma ina roƙon masu karatu, kafin ku yanke, ku bar mai magana ya kai ƙarshe, ku yi tambaya ko da kuna ganin kun san amsa. Tawa tambayar kalma ɗaya ce, “wa?”, kuma jirgin bai ko yi kuka ba tukuna.

Na tambayi mahaifina maganar da take son gaya mini. Ya ce shi ma ya tambaye ta sau da yawa, ta ce ba tasa ba ce, sai na zo.