Ranar da aka ce in kira ɗan farina

Waɗanda ke ɗakin a ranar ba su da yawa. Akwai ni, akwai matar ɗana, akwai autata da ta kawo mu a mota daga Tottenham, unguwarmu a Landan. Sai babban likitan, wani dattijon Bature mai sanƙo da suke ce wa farfesa, ɗalibansa na biye da shi duk inda ya juya. Sai wata nas 'yar Ghana mai Hausar zango, wadda ke yi mini tafinta. Sai shi kuma, ɗana na fari, kwance da robobi a hannu da wuya, idonsa a rufe.

Da damina muka je Funtuwa ni da shi, ta'aziyyar ƙanin mahaifinsa. Kafin mu tashi auta ta karɓo mana ƙwayoyin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Ni na sha nawa, don kullum sai ta bugo waya ta tsare ni. Shi dariya ya yi, ya ce shi da sauron Funtuwa sun san juna tun yana bayan goyo, wannan ƙwaya ta Turawa ce masu yawon buɗe ido. Ina kicin na ji shi. Na ce wa matarsa ta gaya wa mai gidanta ya sha magani, ta kuwa gaya masa. Da muka dawo gida na ga kwalin a aljihun jakarsa, ko ɓare shi ba a yi ba.

Zazzaɓin ya fara kamar wasa. Ya sha farasitamol ya tafi aiki. Sai wata safiya ya soma sambatu, yana kiran kakarsa da ta daɗe da rasuwa. A asibiti, da suka ji daga Najeriya ya dawo, sai suka killace shi don tsoron Lassa. Masu shiga wajensa sun rufe jiki har fuska, mu kuwa ta gilashi muke leƙensa. Da gwaji ya fito aka ce ba ita ba ce, maleriya ce, amma mai tsananin nan da ke hawa kai ta taɓa ƙoda. Sannan aka bar mu muka shiga.

A gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu. Ina yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ya tashi yana ce mini Yaya don haka ya ji ƙannena na faɗi. Bayan rasuwar mahaifinsa ya kawo ni Landan ya ba ni ɗaki a gidansa, amma ko ruwan zafi ne ya ƙi zuwa, jikoki nake aika wa: ku ce wa babanku. Shi ma ya san hanya. Idan ya sayo mini rigar sanyi, a kan kujera yake ajiyewa ya ce wa matarsa ko akwai mai so. Haka muka zauna, kuma ba mu taɓa ganin wani abu ya ragu ba.

Asibitin na koyarwa ne, shi ya sa ba a rabuwa da ɗalibai. Ban so yadda suke tsayawa a kansa suna rubuce-rubuce ba, na kuma lura da wanda bai wanke hannu da kyau ba, na nuna wa nas shi. Farfesan ya sa ta yi mini bayani cewa bincikensu a kan irin ɗana ne: mutanen da aka haifa a can ƙasashenmu, suka daɗe a nan, har jikinsu ya manta sabon da ya yi da ciwon, su kuwa ba su san ya manta ba. Ya tambaya ko zan yarda a ɗebi jinina, tunda tare muka yi tafiyar. Na miƙa hannu. Wata yarinya cikin ɗaliban ta yi ta laluben jijiya, na ce wa nas ta gaya mata ta nutsu, ba kaza take fiɗa ba.

Bayan nan farfesan ya haska masa ido da 'yar fitila, ya matsa masa farce, ya ce ya fara farfaɗowa sama-sama. Ya ce a irin wannan lokaci muryar da mutum ya sani tana taimakawa. Matarsa ta kira shi, gira kawai ta motsa. Sai dattijon ya juyo ya dube ni.

"Mma, ka matso," in ji nas ɗin, da Hausarsu da ba ta raba mace da namiji. "Ka kira sunanshi. Uwa ne, zai ji."

Na matsa bakin gadon. Na ce, "Kai. Kai, tashi mana."

"Mama, please," in ji auta. "Sunansa aka ce. Nan fa ba Funtuwa ba ce."

Na yi mata kallon da ta sani, ta sunkuyar da kai. Sunan yana bakina, ba mantawa na yi ba, ni na ji shi da kunnena daga bakin liman ranar suna ina cikin ɗaki. Amma ga surukata tsaye, ga maza baƙi sun zuba mini ido da alƙalumansu. Matarsa, yarinyar kirki, ta ce a hankali bari ta fita ta sha iska. Na ce ta tsaya inda take. In ta fita, kowa ya san dalilin fitar, wannan kuma ya fi kunya. Farfesan ya tambayi abin da ke faruwa, nas ta gaya masa. Ya gyaɗa kai, bai matsa mini ba, ya ce akwai lokaci. Ni ma na ɗauka akwai. Suka wuce gado na gaba.

Bayan la'asar ya buɗe ido da kansa. Ya dubi rufin ɗakin, ya dubi matarsa, sannan ya gan ni a wajen ƙafafunsa.

"Yaya, kin zo?"

"Matarka na rako."

Ya yi ɗan murmushi, leɓensa duk sun bushe. "To, sannu da rakiya."

Ya tambayi matarsa wa ke ɗauko yara daga makaranta, ta gaya masa. Ni na ja bargo na rufe masa yatsun ƙafa, na ce wa auta ta tambaya ko an ba shi ruwa. Auta ta fita da gudu tana buga wa dangi waya wai ya farka. Kafin magariba numfashinsa ya rikice, suka ce ruwa ya taru a huhu. Aka fitar da mu, aka yi masa allurar barci, aka ɗora shi a injin numfashi. Maganar da muka yi ke nan ta ƙarshe. Likitocin sun yi iyakar ƙoƙarinsu, na gani da idona, har wankin ƙoda an yi. A makon da ya biyo baya Allah ya karɓi abinsa.

Wajen zaman makoki mata sun yi ta yaba mini, wai ko hawaye ban yi ba, wai irinmu sun ƙare. Ban ce iyayenmu sun koya mana kuskure ba, har gobe ban faɗa ba. Kwanansa ne ya ƙare, da na kira da ban kira ba. Abin da ke cina shi ne ɗan lokacin nan na bayan la'asar, da idonsa biyu, kunnensa na ji, mutanen waje duk sun tafi. Ya yi mini tambaya, na ba shi amsar da aka saba. Ya gane, na san ya gane, murmushin ya nuna. Sai dai mutum ya kai furfura bai taɓa jin sunansa a bakin wadda ta haife shi ba, kuma a ranar har umarni aka ba ni.

Washegarin ranar da aka sa masa injin, ina idar da sallar asuba na ɗauki mayafi da rigar sanyi na fita ban tashi kowa ba. Ban taɓa shiga bas ni kaɗai a garin nan ba. Na riƙe launin ginin da ke kusa da asibitin a kaina, na zauna kusa da direba ina duban hanya har na gan shi. Lokacin dubiya bai yi ba, amma nas 'yar Ghana na bakin aiki. Ta dube ni, ta ba ni abin wanke hannu, ta kai ni, ta ja labule ta tafi.

An manne masa ido da wata 'yar farar takarda, injin na ɗaga ƙirjinsa yana saukewa. Na tsaya wajen kansa, inda ban taɓa tsayawa ba. Na sunkuya daidai kunnensa na faɗi sunan. Ya fito mini a karkace, kamar sunan baƙo, sai na sake faɗi har ya zauna a bakina. Bai motsa ba. Da nas ta dawo duba robar hannunsa na tambaye ta ko yana ji. Ta ce wasu in sun farka sukan ce sun ji, wasu ba sa tuna komai, ita ba za ta yi mini ƙarya ba. Na jawo kujera na zauna a nan wajen kansa har matarsa ta iso, sannan na tashi na ba ta wurin, na koma wajen ƙafafu.