Falalu Mai Shafi da Sankiran Fulatan

Falalu a gabana aka haife shi. Ni Halliru, sankiran garinmu Fulatan, ni na ɗaga murya na faɗa wa gari sunansa ranar da aka yanka masa rago. Ubansa manomin gyaɗa ne, mutum shiru-shiru, ban san inda yaron ya kwaso surutu ba. Da ya tasa aka kai shi Tudun Kaya wajen wani malami, ya sauke Alƙur'ani, ya ɗan taɓa boko, sannan ya kama shagon cajin waya a Rogo. Duk wanda ya kawo caji sai ya zauna jira, in ya zauna kuwa sai ya yi zance. Falalu yana ji, yana latse-latse.

Haka ya buɗe shafinsa a intanet, wai bulog ake ce masa. Da farko dariya na yi. Wa zai karanta farashin gyaɗa a waya, alhali ga ni da bakina? Ashe kowa. Akuyar wata Kande ta ɓata, kafin in ɗaura rawani in fita shela, an gano ta a bayan makaranta. Taki ya iso, taron manoma, ranar rigakafi, duk sai in tarar labarin ya riga ni zuwa ƙofar gida. 'Yan garinmu da ke ci-rani a Legas da Fatakwal suna kwana suna tashi da shafin nan. Har hira yake yi da tsofaffi a kan yadda ake noma a da, ya rubuta tsaf, mutane su yi ta sa masa albarka. Ni da na shekara da shekaru ina fasa maƙogwaro, wa ya taɓa sa min albarka? Goro biyu ne, sai a ce Allah ya ƙara murya.

Ba zan ɓoye ba, kishinsa nake ji, kishi mai cin rai. Abin da ya fi ba ni haushi, yaron ba shi da abin zargi. In ya gan ni sai ya sauka daga babur ya durƙusa.

"Baba, barka da hantsi. Ya ƙoƙari?"

"Ƙoƙari ai naku ne, masu shela da yatsa," in ce masa. Sai ya yi murmushi kawai.

Abu ɗaya ya rage min: raɗin suna. A wajenmu ba mai jin sunan jariri sai ranar bakwai. Uba ya raɗa wa liman, liman ya yi addu'a ya raɗa wa sankira, sankira ya faɗa wa duniya. Falalu bai taɓa sa suna a shafinsa ba sai na faɗa tukuna.

Sai 'yata Radiya, da ke aure a Kurugu ta ƙasar Ƙaraye, ta haifi namiji. Mijinta Ikrima ya aiko cewa ni zan yi shelar. Na ba da babbar rigata aka buga, na hana kaina ruwan sanyi saboda murya. Abin da ban sani ba, Ikrima ya ba Falalu sunan tun ana gobe, don 'yan'uwansa na nesa, ya ce ya saka da zarar an shafa fatiha. Shi kuwa Falalu ya san bayan asuba ake raɗin suna, rana na fitowa ya saka. Bai san ruwan sama ya tsare ni a hanya ba, liman da jama'a suna zaune sun ƙi farawa sai na zo.

Ina sauka a bakin Kurugu, wani mai faci da ban taɓa gani ba ya washe baki.

"Kai ne Baba Halliru? Barka, an yi maka takwara. Yanzu na gani a shafin Falalu."

Na tsaya riƙe da takalmina. Jikana na fari, sunana aka sa masa, kuma a bakin mai faci na ji. Da na isa, liman ya yi addu'a ya sunkuyo ya raɗa min abin da kowa a wurin ya riga ya sani. Na faɗa, amma ban san yadda ya fita ba.

Can da hantsi sai ga Falalu, duk jikinsa taɓo, ya zube gabana.

"Baba, ka yafe min. Wallahi na ɗauka an gama. Ka taimaka ka sake faɗa, in ɗauki muryarka, na nesa su ji daga bakin mai ita."

Na so in ƙi. Sai na hango Radiya a bakin zaure tana kallona da jaririn a hannu. Na gyara riga, na cika ƙirji, na kira sunan nan yadda ban taɓa kiran wani suna ba.

Kafin la'asar an saurare ni a garuruwan da ban taɓa takawa ba. Na sa Ikrima ya ɗauko wayarsa, na ce ya karanto min abin da mutane ke rubutawa a ƙasa. Ya fara, ya so ya rufe wayar, na ce ya ci gaba. Tun daga sama har ƙasa magana ɗaya ce: Allah ya saka wa Falalu da alheri, da ya raya mana al'adarmu.