Ranar da Na Nuna Kabewar Gwaggo da Yatsa

Kabewar Gwaggo ba ta da girma. Babbar cikinsu ba ta wuce kan jariri ba, bayanta kore mai zane-zane, cikinta kuwa ja kamar an shafa mata manja. In ta dahu, sai ka rantse zuma aka zuba. Gwaggo ƙanwar mahaifin maigidana ce, kuma ta ce tun daga Salaga ta ƙullo irin a bakin zanenta, lokacin da suka gangaro Kumasi. A bayan ɗakinta take shukawa, inda take zubar da toka da ruwan wanke-wanke. Daga nan kabewar ta kama danga, ta haye rufin ɗakin girki, ta bazu.

Ni daga ƙasar Kano aka kawo ni Zongo, unguwar Hausawan Kumasi. Maigida fataucin goro yake yi, rabin shekara yana kan hanya. Tsakar gida ɗaya muke da Gwaggo, ƙofarta na kallon tawa. Kowa a gidan Amarya yake ce mini, har bayan na haihu sunan bai sake ni ba.

Mace na haifa, ita ce 'yar fari. Yadda aka raine ni, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Na riƙe wannan da kyau, don kada matan Zongo su ce an kawo marar kunya daga Hausa. In zan yi maganarta sai in ce "yarinyar nan". Amma Allah ya sani, in tana barci nakan sa bayan hannuna kusa da hancinta in ji ko tana numfashi, sau nawa ma ban sani ba.

Da lokacin yaye ya yi, da a gida ne da ɗakin mahaifiyata za a kai ta. Nan kuwa babu kowa sai Gwaggo, wadda Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya a raye ba. Na shafa maɗaci a nono, aka ɗauke yarinyar aka tsallaka da ita tsakar gida. Taku goma ne tsakaninmu. Kwana biyu tana kuka, ni ma ina yi ta bayan asabari. Rana ta uku kukan ya tsaya. Na leƙa, sai na hango ta a cinyar Gwaggo, baki da kumatu duk sun yi ja, tana buɗe baki kamar ɗan tsuntsu.

Ya kamata in yi hamdala. Na yi, amma a baki kawai.

Bayan kwana ashirin aka dawo mini da ita, ta yi kumatu. Na dama koko na ajiye mata, ta ture. Na tuƙa tuwo mai laushi, ta kalle shi ta kalle ni, ta miƙe da 'yan ƙafafunta ta nufi ƙofar Gwaggo tana cewa, "Inna, bewa." Inna! Ni kuwa ranar da ta fara kirana, abin da ta ji kowa yana faɗa ta faɗa. Ta ja mini zane ta ce, "Amayya." Matan gida suka kwashe da dariya har da tafi. Ni ma na yi dariyar, na shige ɗaki.

Ana cikin haka maigida ya yi shirin tafiya. Yana ɗaure kayansa, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Ke, na ga yarinyar nan ta fi sakewa a wurin Gwaggo. Ita ma ɗakinta ba kowa. In na dawo na tarar haka abin yake, sai a bar mata ita riƙo."

Na ce, "To."

Me zan ce? In na ce a'a, na faɗa da bakina ke nan cewa ina son 'yar fari. Ya tafi, ya bar ni da wa'adin wata biyu kafin ya dawo.

Na ce ai kabewa ce, kabewa kuma ba a wurin Gwaggo kaɗai take ba. Na aika kasuwa aka sayo mini wata ƙatuwa a wurin matan Tonawa, 'yan asalin garin, sai da aka ɗauko ta a ka. Na yi miyar taushe irin ta gidanmu, da daddawa da gyaɗa da ɗan barkono, har da ƙashin rago. Na zuba a ƙoƙo na ajiye gaban yarinyar, na juya ina gyara itace, kunnena yana wurinta. Ta lasa sau ɗaya ta tofar. Gwaggo ta fito tana shinshina iska ta ce, "Ei, Amarya, taushe? Ƙamshi har ƙofar gida. Sam mini mana." Ta ci, ta suɗe hannu, ta ce rabonta da irin wannan tun tana budurwa. Yabon nan ya fi zagi yi mini ciwo. Tana gamawa ta ɗauki yarinyar ta shige da ita, na ji ƙarar murfin tukunya.

Iri kuwa ban roƙa ba. Da na roƙa da ta ba ni, na sani. Sanin ne ma ya hana ni.

Kowa ya san ba a nuna 'yar kabewa da yatsa. In za ka nuna wa wani, da leɓe ake yi ko da dunƙulen hannu, in ba haka ba ta ruɓe ta faɗi. Gwaggo ta sha korar mutane daga bayan ɗakinta a kan haka. Wata safiya ta shirya ta tafi gidan suna can bayan masallaci, ta goya yarinyar da sabon zane, ko tambayata ba ta yi ba. Na tsaya ina kallon ƙafafun 'yata suna lilo a ƙugun wata. Da suka fita na zagaya bayan ɗakin. 'Ya'yan sabuwar shukar guda bakwai ne, kowace kamar ƙwan agwagwa, da busasshen fure a bakinta. Na miƙe yatsana. Na nuna ta farko, na nuna ta biyu, na bi su ɗaya bayan ɗaya, har ta kan rufin sai da na yi ɗage na nuna ta. Na ji sanyi a raina, ba zan ɓoye ba.

Aka kwana uku ana ruwa irin na garin nan, wanda ba ya ɗagawa. Da ya tsaya na zagaya. Biyar suna ƙasa, sun yi baƙi, tururuwa ta rufe su.

Washegari yarinyar ta tashi da zazzaɓi, haƙoran gefe suna tsiro mata, ga gudawa. Koko ta ƙi, fura ta ƙi, ruwa ma sai da ɗura. A kwana biyu wuyanta ya yi siriri, idanun suka faɗa. Abu ɗaya take faɗa, a hankali: "Bewa." Na san ta bara ta ƙare, na ga Gwaggo ta fasa ta ƙarshe cikin waɗanda ta jera a ɗakinta tun kafin sunan nan. Sauran biyun da ke kan danga kuwa ɗanyu ne shar. Na zauna ina kallon yatsana kamar ba nawa ba.

Da la'asar na kasa daurewa. Na shiga ɗakin Gwaggo, yarinyar tana kwance a tabarmarta. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na nuna su. Da yatsa. Duka bakwai."

Ta kalle ni tana tauna goro. Sannan ta ce, "Har da ta kan rufi. Na ga kina ɗage kamar mai ciro gwanda."

Na ɗago kai.

"Na manta goron da zan kai gidan sunan, na dawo ɗauka. Ina tsaye a nan ina kallonki ta danga." Ta yi dariya har da tari. "'Yar nan, bara shida suka zube. Wa ya nuna? Ruwan Kumasi ne, kowace shekara sai ya ci rabonsa. Yatsan naki har ya kai ruwan Kumasi?"

"Amma ga shi babu wadda za a dafa mata."

Ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta mirgino wata, naɗe cikin tsumma, bayanta ya koma ruwan ƙasa. "Ta iri ce, na so ta kai gaba kaɗan. Ɗauki. Ke za ki dafa, ni gwiwata ciwo take."

Gwiwarta lafiya lau, na gani da safe. Ta zauna a kan turmi tana ba ni umarni. Na fasa, na kwashe 'ya'yan na shanya mata a faifai. Ta ce kada in fere, kada in tsoma a ruwa. Na jera kara a gindin tukunya, ruwa ɗan kaɗan a ƙasa, na ɗora yankan a sama, na rufe da ganyen ayaba kafin murfi. Na kai hannu wajen daddawa, ta ce, "Ajiye. Ba mijinki za ki ba ba." Da ta turaru na kankare jan da ludayi, na murƙushe, manja ɗigo biyu, gishiri ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka. Shi ke nan. Na yi ta jiran sirrin, babu.

Na kai ɗaki na ajiye ƙoƙon gaban yarinyar, na juya baya kamar yadda na saba.

"Yauwa, ga shi nan!" in ji Gwaggo daga bakin ƙofa. "Haka kike ba ta? Kamar mai watsa wa kaza tsaba? Ɗauke ta ki ɗora a cinya."

"Gwaggo, mutane…"

Ta saki asabarin ya rufe mu, ta zauna a waje ta jingina bayanta da ƙofar. Na ji ta ce, "Babu mai shigowa. Ni kuma yau kurma ce. Kira ta da sunanta."

Shekara biyu sunan yana cikin bakina ban taɓa fitar da shi ba. Na ɗora ta a cinya, jikinta zafi, ba nauyi. Na faɗa a hankali, ba ta ji ba. Na sake faɗa. Ta waiwaya ta kalli ƙofa, tana neman wanda ya kira ta, sannan ta ɗago ta kalle ni, ta daɗe. Na lakato da yatsan nan dai, na kai bakinta. Ta buɗe.

Loma huɗu ta ci. Ta biyar ta karɓa a hannunta, ta zame daga cinyata, ta rarrafa ta ɗaga gefen asabari ta ce, "Inna, ci." Ina hawayen murna, amma wallahi sai da abin ya sake soke ni.

Da maigida ya dawo ya tayar da maganar, Gwaggo ce ta tare shi. "Wa ya ce maka ina neman riƙo? Bayana ya gaji da goyo. Ka bar 'ya a ɗakin uwarta." Tana faɗa tana kallon bango. Ni kaɗai na san ta riga ta ɗinka ɗan matashin kai ta ajiye a gefen nata. Da yamma ta aiko mini da shi, da iri tara a cikin toka, ƙulle a ganye.

Damina biyu ke nan ina shukawa a bayan ɗakina. Yarinyar a wurina take kwana, a hannuna take ci, in asabari yana sake har Umma take ce mini. Irin ɗaya ne, ƙasar ɗaya, tukunyar ma wani lokaci ta Gwaggo nake ara. Amma jiya ta cinye nawa tas, ta lashe ƙoƙo, ta ce, "Da daɗi. Ta Inna ta fi zaƙi."

Ta Gwaggo bana ta yi 'ya'ya goma sha ɗaya, tawa huɗu. In zan wuce ta bayan ɗakinta sai in dunƙule hannuna in sa cikin zane.