Baba Zarto da Sabuwar Manhaja

Shekara ashirin da bakwai Baba Zarto ya yi yana koyar da aikin katako a sakandaren gwamnati da ke ƙarshen layin kasuwa. Yara ne suka laƙa masa sunan tun bai yi furfura ba, har ya bi shi gida. Matarsa ma in ta so tsokana haka take kiransa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma yatsansa na tsakiya a hannun hagu guntu ne. Duk ajin da ya shigo sabo, ranar farko sai ya ɗaga musu shi ya ce, "Wannan ne darasi na ɗaya. Ni na riga na yi muku shi, kada wani ya maimaita."

Ɗakin aikinsa yana can bayan makaranta, dogo mai rufin kwano, da tebura takwas masu kauri da ya ƙera da hannunsa. A jikin bango ya zana siffar kowane zarto da kowace guduma da fenti, ta yadda in an tashi aka ga zane babu kaya a kai, ba wanda zai fita sai an nemo. Yawancin masu son ajinsa 'yan kujerar baya ne, waɗanda sauran malamai suka sallama. Yaron da zai yi wata uku bai buɗe baki a ajin lissafi ba, sai ka same shi a nan yana gardama a kan rabin inci. Baba Zarto bai taɓa gaya musu lissafi suke yi ba. Ya ce in suka sani za su gudu.

Ranar da shugabar makaranta ta tara malamai ta karanta musu takardar da ta zo daga ma'aikatar ilimi, shi ne ya fara tafi. Takardar ta ce daga shekara mai zuwa duk makarantun gwamnati na ƙasar za su bi manhaja ɗaya da ma'auni ɗaya. Abin da ɗan aji biyu yake koya a babban birni a mako na biyar, shi ɗan aji biyu na ƙauye zai koya a mako na biyar, kuma jarrabawa ɗaya za su zauna. Abin ya kwanta masa a rai. Jikokinsa sun sha wuya lokacin da aka yi wa ubansu canjin wurin aiki, aka mayar da babbarsu baya da aji guda saboda abin da ta karanta a can ba shi ake yi a nan ba.

"Ai tuntuni ya kamata," ya ce da malamin tarihi da ke gefensa.

Sai da aka raba jerin darussan ya bi shi da yatsa daga sama har ƙasa, ya juya bayan takardar, ya sake bi. Babu aikin katako. A gurbinsa an rubuta fasahar zamani.

Ya sami shugabar a ofis bayan an watse. Mace ce mai kirki, sa'ar 'yarsa ta fari, ba ta taɓa zama yana tsaye ba.

"Ranki ya daɗe, ina jin an manta da shafi ɗaya."

"Ba a manta ba, Baba. Zauna mana." Ta jawo masa kujera. "Sun ce abin da ba a iya auna shi iri ɗaya a ko'ina ba zai shiga ba. Makarantu nawa ne suke da ɗaki irin naka?"

"To waɗanda suke da shi fa, laifi suka yi?"

Ta juya biro a hannunta ta ce, "Na yi magana, wallahi na yi. Abin da na samu shi ne ba za a ɗauke ka ba. Kai za ka riƙe sabon darasin. Za a tura ka horo."

"Ni? Wayar hannuna ma jikata ce take duba mini saƙo."

Horon kwana uku ne, a wani zaure mai sanyi. Wani matashi da lasifika a hannu ya yi ta haska rubutu a bango, malamai ɗari da wani abu suna kallo, kwamfuta goma ce kacal. Da layi ya zo kan Baba Zarto ya kama abin nan da ake ja a kan tebur, wai linzami, sai 'yar kibiyar da ke fuskar kwamfutar ta tsere masa zuwa kusurwa. Matashin ya ce, "Baba, a hankali, ba guduma ba ce." Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ranar ƙarshe aka ba shi takardar shaida da wani littafin jagora mai kauri. A ciki an rubuta komai: mako na kaza, darasi na kaza, minti arba'in, har da abin da malami zai faɗa da amsar da yara za su ba shi.

Da aka dawo hutu aka ce a kwashe ɗakin aikinsa, don a nan za a ajiye kwamfutocin sabon darasin in sun iso. Duk makarantar babu ɗaki mai ƙofa da tagogi masu ƙarfi kamarsa, kuma shi ne ya yi su. Da kansa ya sauke kayan daga bango, ya shafe su da mai, ya naɗe a buhu aka kai sito. Teburan kuwa aka rarraba, biyu a ɗakin malamai, ɗaya mai gadi yana ɗora tabarmarsa.

Zango ya yi nisa kwamfuta ba ta zo ba. Littafin jagora ya ce, "Malami zai umarci ɗalibai su ɗora yatsunsu a kan madannan kwamfuta." Baba Zarto ya karanta wannan da ƙarfi a gaban yara sittin da huɗu, suka dube shi, ya dube su. Ya zana madannan a allo, layi a miƙe kamar an buga da inji, amma ba a ɗora yatsa a kan allo.

Ranar Asabar ya sayo falankin katako na filawud guda biyu, ya baje a tsakar gida. Matarsa, wadda tela ce, ta leƙo daga bakin kekenta.

"Baba Zarto, me kuma ake ƙerawa? Na zaci an yi maka ritaya daga katako."

"Kwamfuta nake yi."

"Ikon Allah. In ka gama ka yi mini firji."

Makonni uku ya yi yana yanka ƙananan murabba'ai, yana gogewa, yana mannawa da gam, ita kuma ta rubuta haruffan da jan fenti saboda ta fi shi kyan rubutu. Alluna talatin da biyu suka fito, yara biyu kowane ɗaya. Ranar da ya kai su aji, 'yan kujerar baya suka taso gaba. Ba haruffan suke kallo ba, gefen suke shafawa, suna tambaya yaya ya yi kusurwar ta fita haka. Ya ba su amsa. Amsar ta ci darasin ranar, ta ci na gobe.

Ana cikin haka sufeto ya zo daga ma'aikata. Dattijo ne mai sanyin murya. Ya zauna a baya da takardarsa har aka tashi, sannan ya ɗauki allo ɗaya yana juya shi.

"Malam, kai ka yi wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kai, hannu dai akwai shi." Ya ajiye. "Amma ka ga takardata. Tambaya ta farko, wane mako aji yake? Ya kamata ku kasance a na tara, kuna na shida. Ta biyu, an yi amfani da kayan koyarwar da aka amince da su? Wannan ba ya cikin jerin."

"Waɗanda suke cikin jerin ba su zo ba."

"Na sani. Makaranta goma sha ɗaya na zaga, babu inda suka zo. Amma babu gurbin rubuta hakan. E ne ko a'a."

Ya rubuta a'a sau biyu, ya yi masa sallama da hannu biyu, ya tafi. Bayan wata guda takardar gargaɗi ta zo. Shugabar ba ta iya miƙa masa ba, a kan teburinsa ta bar ta.

Bai haƙura nan take ba. Ya bi layin kafintoci a kasuwa, inda kusan rabin masu shaguna a hannunsa suka fara riƙe zarto. Suka yi ta rige-rigen ba shi kujera. Mutum arba'in da ɗaya suka sa hannu a wasiƙar da ya rubuta, yana roƙon a bar wa aikin katako ko awa biyu ne a mako. Wata bakwai kafin amsa ta zo, layi biyar. An gode da kishinsa. Ɗalibin da ke sha'awar sana'ar hannu yana iya neman kwalejin fasaha bayan kammala aji uku. Kwalejin da ta fi kusa tafiyar awa huɗu ce a mota, kuma ba a ɗaukar yaro sai ya ci jarrabawar ƙasa da kyau. Baba Zarto ya karanta sau biyu. Yaran da yake magana a kansu su ne dai waɗanda ba sa cin jarrabawar.

Daga nan ya daina ja. Ya tattara allunan ya kai gida, matarsa ta jera su a ƙarƙashin gado. Ya riƙa shiga aji da littafin jagora, ya karanta abin da aka ce malami ya faɗa, ya rubuta amsar a allo, yara su kwafa. Mako na tara a mako na tara. Kujerun baya suka fara zama babu kowa, ɗaya yau, biyu wani makon. Ya taɓa haɗuwa da mahaifin ɗaya daga cikinsu a bakin titi, ya tambaye shi lafiya yaron ya daina zuwa.

"Malam, da can don ɗakinka yake tashi da safe," in ji mutumin. "Yanzu ya ce zama kawai yake yi ana kiransa daƙiƙi. Yana tasha yana dako. Me zan ce masa?"

Baba Zarto ya ce a gaishe masa da yaron.

Da sufeton ya dawo a shekara ta biyu ya rubuta e sau biyu, ya yaba da ci gaban da aka samu.

Kwamfutocin sun iso a shekara ta uku, guda goma sha biyu, tare da sabuwar malama da ta karanci abin a jami'a. Ba ta da laifi, tana gaishe shi har ƙasa. Aka ba ta darasin. Shi kuma, da yake saura masa wata goma sha huɗu ya ajiye aiki, aka ce ya riƙa zama a duk ajin da malaminsa bai zo ba, ya hana surutu. Da damina rufin sito ya yi yoyo. Mai gadi ya ce masa ya zo ya duba buhunansa, ya ce zai zo, bai je ba.

"Ka buɗe ɗan shago mana in ka gama," matarsa ta ce wata rana da ta ga ya daɗe zaune yana kallon bango. "Yaranka na kasuwa ba za su bar ka ba."

"Su ma inji suke sayowa yanzu. Kuma ni ba kujera nake son yi ba, maman yara. Kujera kowa ma ya yi."

Ta koma kan kekenta.

A zangonsa na ƙarshe aka sa shi cikin masu tsaron jarrabawar ƙasa. Zauren ya yi tsit, sai ƙarar fanka. A layi na huɗu teburin wata yarinya yana rawa, duk harafin da ta rubuta sai ya yi ƙwas. Tun daga bakin ƙofa ya san ƙafar baya ta hagu ce ta saki, aikin ƙusa biyu. Ya ninke wata tsohuwar takarda daga aljihunsa, ya je ya durƙusa zai cusa a ƙarƙashi.

"Malam!" Jami'in da aka turo daga hukumar jarrabawa ya taso da sauri. "Ba a kusantar ɗalibi da takarda. Doka ce, ko'ina haka take."

"Teburin ne yake..."

"Don Allah koma wurinka."

Ya dafa gwiwa ya miƙe a hankali, ya mayar da takardar aljihu, ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Saura awa ɗaya da minti ashirin a tashi.