Jijiyar Mai Gilashi

Mai Gilashi mutum ne mai ƙyanƙyamin tsiya. Tun yana ɗan koyo a shagon tagogi, in ƙuda ya sauka a kofinsa ya bar shayin ke nan. Aikinsa kuwa ba a magana: ya ja layi da abin yanka, ya danna da babban yatsa da manuni, ƙas, gilashi ya rabu. Da yatsun nan biyu ya yi aure, ya ciyar da iyali, har ya fara furfura.

Ran nan wani ƙaton gilashi ya suɓuce ya datse masa wuyan hannun dama. Bayan an yi ɗinki a asibiti, likita ta ce, “Malam, tsoka ba ta da wuya, za ta haɗe. Jijiyar da ke kai ji ce aiki. Daga inda ta tsinke za ta sake tohowa kaɗan-kaɗan har ta kai kan yatsu, sai an yi watanni. Kafin nan yatsun ba sa jin komai. Ka riƙa motsa su, ka kiyaye su daga zafi.”

Hannun ya koma abin da shi kansa ba ya son kallo. Tudun gindin babban yatsa ya lotsa, fatar ta yi sheƙi, sanyi ƙalau. In ya taɓa fuskarsa da shi sai tsigar jikinsa ta tashi.

Sai ga wansa, mahauci, ya zo dubiya da ƙarnin nama a riga. Ya juya hannun ya ce, “Ni za a gaya wa jijiya? Kullum ita nake yanka. Ba abin da ke sa ta laushi sai ruwan zafi.”

Ka ji fa! Shi jijiyar da ya sani ita ce farar igiyar nan mai maƙale wa mutum a haƙori. Suna ne kawai ya zo ɗaya.

“Yaya, ai likita ta ce…”

“Likitar ta taɓa dafa jijiya?”

Matar Mai Gilashi ta kawo ruwan zafi a roba tana cewa anya zafin bai yi yawa ba. Wan ya tsoma yatsun ƙanen nasa a ciki.

“Ka ji zafi?”

“A’a, Yaya.”

“To bai kai ba. Ƙaro!”

Haba, jama’a. Kashegari yatsun suka yi bororo. Mahauci ya ce mugun ruwa ne ke fita, ya fasa, ya naɗe da tsumma, ya ce kada a kwance. Da yake ba ciwo, Mai Gilashi ya ɗauka lafiya ce.

Sai ɗaki ya fara wari. Ya rantse ɓera ne ya mutu. Ya sa aka ja gado, aka zazzage kwabet, ya dinga yi wa matar faɗan ƙazanta, alhali duk inda ya nufa warin na binsa. Da ta gaji ta ce, “Malam, don Allah kwance hannunka.”

Fatar manuni ta biyo tsumman kamar safa. A nan ya yi amai.

Likita ba ta ko yi masa faɗa ba. An yanke manunin, an datse rabin babban yatsa. Ita kuwa jijiyar, baiwar Allah, ba ta san an yi ba, ta ci gaba da tohonta. Duk zuwa asibiti likita kan ƙwanƙwasa hannun, ya ji zirr, kullum wurin yana matsawa gaba. Ran da ta taɓa dungun ya zabura, ta sauke ajiyar zuciya ta ce, “Ta haɗe lafiya lau, Malam. Ba don ƙunar nan ba, da yanzu kana kan teburin aikinka.”

Yanzu aune-aune yake yi a shagon, wani ke yanka.

Da labari ya kai wa mahauci cewa ji ya dawo, har gida ya tako. Ya kama dungun da hannunsa mai maiƙo, ya matsa sosai. Mai Gilashi ya yi ƙara.

Wan ya washe baki ya ce, “Ka gani? Da ka biye wa likita, da har yau ba ka jin komai.”