Kwanukan Maƙwabta

Ban taɓa taka Kasuwar Sabon Gari ba a zamanin mijina, amma duk abin da aka yi a cikinta ina sane. Kwanon tuwo ke gaya mini.

A layinmu na Fagge ciyayya ake yi. Ana idar da sallar magariba kowane magidanci zai fito da tuwon gidansa, a haɗu a tabarma ɗaya a ci. Tabarmar a ƙofar gidanmu take, gida bakwai ban da mu, don Alhaji ne babba a 'yan atamfa, rumfuna da yawa a wurinsa suke sarin kaya. Ni kuwa, ba yabon kai ba, kwanona bai taɓa dawowa da ko loma ba.

A bazarar da rigimar mulkin kai ta yi zafi tsakanin 'yan Arewa da 'yan Kudu, aka shiga bi rumfa-rumfa ana cewa kada a ƙara sayar wa mutanen Sabon Gari ko ƙyalle. Aka tara 'yan kasuwa, aka ce Alhaji ya yi magana, don in ya ce a yi, an gama. Sai bawan Allahn nan ya miƙe ya ce ba da shi ba. Ya ce mu ma Barebari ne, da jaki kakansa ya shigo garin nan, ba wanda ya kore shi. Ya ce telan da ke gefen rumfarsa, wani Ibo, shi ke tsare masa kaya duk Juma'a, ko allura ba ta taɓa ɓata ba.

Ni ban ji daga bakinsa ba. Ranar dai kwanona ya dawo da rabi. Na ɗanɗana miyar ko gishiri ne ya zarce, na ji ta lafiya lau. Kashegari ya dawo an taɓa gefe ɗaya kawai. Gwaggonsa da ke zaune tare da mu ta leƙa zaure ta dawo ta ce, "Ke, sun koma ƙofar gidan maƙwabcinmu mai goro. Shi kaɗai ke zaune."

Da ya shigo na tare shi. "Alhaji, kai ne gwamna? Atamfa kake sayarwa! Da ka ce muryarka ta dishe, wa zai kama ka?"

Ya ce, "Tambayata aka yi a gaban mutane."

"To koma gaban mutanen ka janye!"

Ya wanke hannunsa ya wuce ɗaki. Wayyo, taurin kan mutumin nan!

Kwana goma muka yi haka. Ba mai aikowa a ɗebi wuta a gidana. Daga bayan katanga kullum sai ƙarar wasa adda, alhali ba layya ba, ba lokacin shara gona ba. Tsoro nake ji, amma haushi ya fi yawa. Na ci gaba da tuƙa tuwon mutum takwas don kada a ce mun karaya, na kuma rantse kwanon gidajen nan bakwai ba zai ƙara shigo mini gida ba.

Ran Asabar bayan azahar muka ji ihu daga wajen Sabon Gari, sai ga hayaƙi. Alhaji ya zura farar babbar rigarsa, ya ce zai je ya ɗauko tela da iyalinsa. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Na can ba su san ka yi magana ba, babbar riga kawai za su gani. Na nan kuwa sun sani. Wa ke gare ka a hanyar nan?"

Ya ce, "Ki ƙara tuwo, baƙi biyar ne." Ya janye ni gefe a hankali ya fita.

Na ɗora babbar tukunya. La'asar ta wuce, aka kira magariba. Sai na ji sallama. Matar mai goro ce, da kanta, riƙe da kwano an rufe da faifai. Na ce, "Oho, sai yau? Ai da kin bar shi." Ta ajiye, ta zauna a ƙasa ko tabarma babu. Ta biyu ta shigo da nata, sai ta uku. Ba wadda ta dubi fuskata. Gwaggo ta dafa bango ta fara salati.

Matan aure ba sa kai tuwo da kansu gidan da tukunya ke kan wuta, sai da dalili ɗaya, kuma na san shi. Ni ma na sha kai wa wasu ranar makoki.

Ta bakwai ba ta zauna ba. Ta wuce murhuna ta durƙusa tana janye itacen. Na ce mata ta bari, baƙi biyar ya ce.